Lensin da Tanimu Ya Yaba

Wani mutum ne a layin masu hoto, Tanimu, in ana maganar kyamara bakinsa ba ya shiru. Cewa yake shi ko a hannu ya auna lensi, wato gilashin gaban kyamara, zai gaya maka ƙasar da aka ƙera shi da halin maƙerin.

Ana nan sai Alhaji Lawwali mai shagon kyamarori ya shigo da sabon lensi mai zum, wato mai jawo nesa kusa, na manyan kyamarorin ƙwararru da ake kira ful-firem. Ya ce yana neman wanda zai gwada shi ya yi bayani a bidiyo, in bayanin ya yi kyau lensin ya zama nasa. Ran Tanimu ya biya, har yawu yake haɗiya, don nasa lensin da salatif aka ɗaure shi.

Gudun kada wani ya riga shi, sai ya yi sammako, ya tarar Alhaji ya zaga bayan shago. Ga lensi baƙi wuluk a kan tebur. Caraf ya ɗauka, ya kira abokan sana'a, ya miƙa wa ɗaya waya ya ce a haska shi kai tsaye duniya ta gani.

Gogan naka ya gyara hula ya shiga zuba. Wai nauyin nan kaɗai ya isa shaida. Wai daga nan zai jawo maka ƙuda a kan hasumiyar masallaci, har ka ga ko ya yi kalaci. Wani ya ce ai bai ɗora a kyamara ba, Tanimu ya harare shi ya ce 'yan koyo ke ɗorawa.

Wani ya taɓa ya ce, "To ya na ji shi da ɗumi?"

"Injin ciki ne, ko a ajiye yana aiki."

Da ya girgiza aka ji ƙulum-ƙulum, ya ce man hana hoto rawa ne, sai a lensin manya.

Sai ga Alhaji yana dube-dube. Ya zare abin daga hannun Tanimu, ya murɗe murfi, tururi ya tashi. Ashe kofin shayi ne mai siffar lensi, tsarabar Dubai. Lensin gaske na cikin kwali ko buɗewa ba a yi ba.

Waya dai na ta haskawa. Alhaji ya kurɓa, zuuut, ya dubi Tanimu.

"Bayani ya yi, Malam Tanimu. Abu ɗaya ka manta ba ka gaya musu ba, sukari bai ji ba."