Farin Ƙyalle a Gefen Direba

Ba zan taɓa mantawa da motar tseren Alhaji Sabo ba, kuma har gobe ina nan a kan bakana: jana aka yi. Ina zaman zamana a kasuwar Shahe da ke Guangzhou ina ɗaure dilar jins, Alhaji, wato maigidana, ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai ɗan nema, ba kai ka ce ka yi tseren mota a Kano ba? Tashi mu je."

(Na faɗa kam. Gaskiyar magana acaɓa na yi, Kurna zuwa Bata. Amma a Guangzhou wa zai bincika?)

Shekarar Olamfik ce, kasuwa ta yi sanyi, sai Alhaji ya faɗa wani kulob na 'yan kasuwa masu tseren mota ranar Lahadi a bayan gari. Kulob ɗin aji biyu gare shi: na motoci marasa nauyi, da wanda sai mota ta kai wani nauyi kafin a bar ta ta shiga. Shi kuwa Alhaji, Bakano, mota ɗaya yake so ta shiga duka biyun. Ya ce in an dace ni ne direba, na huta da dakon dila. A zuciyata har na ga hotona da hular kwano ya isa unguwarmu.

Da rana tsaka muka je duba motar da zai saya, can gaba da unguwar Tianhe, amma muna gangarawa ƙarƙashin wani bene rana ta ɓace. Fitila ɗaya ce, tana kawowa tana ɗaukewa. Ruwa na ɗiga daga sama. Motoci a jere an lulluɓe su, babu mai motsi. A lungu ga jar fitila, ga turare na hayaƙi, ga lemo a faranti. Mai motar wani siririn tsoho ne da silifa, ban ga ya ƙifta ido ba ko sau ɗaya.

"Lawban, nihaw," in ji Alhaji, wato "sannu maigida" da yarensu. Tsoho ya yaye rufin wata mota.

Kujera ɗaya ce tal a ciki, sauran duk bututun ƙarfe kamar keji. A gilashi an rubuta sunan wani. Na tambayi ina mai sunan, tsoho ya ɗaga yatsa ya nuna sama. (Daga baya na ji jirgi ya hau ya bar ƙasar. Daga baya fa.)

"Shiga mana, gwani," in ji Alhaji.

Na shiga. Tsoho ya ɗaure ni da bel ta kafaɗa, ta ƙugu, ta tsakanin cinya. Ya zare sitiyarin gaba ɗaya don ya nuna wa Alhaji yana ciruwa, ya rufe ƙofa, suka yi gaba da sitiyarin suna magana da hannu. Takunsu ya yi nisa. Fitila ta ɗauke, ta kawo.

A nan na waiwaya gefena.

Inda kujerar mai zaman banza ya kamata ta kasance, wani abu ne dogo a kwance, an naɗe shi da farin ƙyalle, an ɗaure ta kai, ta tsakiya, ta ƙafa. Jama'a, na yi zaman makoki, na ɗauki makara, na san wannan ɗaurin. Na fara Ayatul Kursiyyu, na tsinci kaina a tsakiyar addu'ar cin abinci.

Ban ji zuwan tsohon ba, hannunsa kawai na gani ta taga. Ya miƙa ya bubbuga farin abin. Ya bubbuga ƙirjina. Ya yi murmushi a karon farko, ya ce, "Sem sem," wato ni da abin ɗaya muke.

Ihun da na yi, motocin da ke lulluɓe ma sun amsa. Na lalubi hannun ƙofa, babu. Allah ya taimake ni bel ya ɓalle, na bi ta taga da kai. Wani ƙarfe ya riƙe wandona, na bar masa. Ban tsaya ba sai bakin titi, tsakiyar wasu tsofaffin mata masu jan ƙyalle a damtse da ke gadin unguwa, ni da gajeren wando mai zanen ayaba. Ɗaya ta rufe wa jikarta ido.

Da Alhaji ya jawo ni ciki, tsoho ya kwance ƙyallen. Sandunan ƙarfe ne, an ɗaure su da noti a ƙasan mota, nauyin mutum guda. In suna ciki mota ta shiga aji mai nauyi, in an kwance su ta koma ɗayan. Ƙyallen kuwa zanen gado ne, don kar ɗigar ruwa ta sa su tsatsa. Abin da Alhaji ya zo nema ke nan daidai.

Ya sayi motar, ya ba wani Isuhu ɗan Maraɗi tuƙin. Ni na koma dakon dila. Abin da na koya shi ne, in za ka yi ƙarya, ka zaɓi wadda ba za a ɗaure ka a cikinta ba.

A tasi na so in kare kaina. Na ce, "Alhaji, tsakani da Allah, kowane Musulmi ya ga wannan farin ƙyalle sai ya gudu."

"Rufe min baki."

"Wallahi ko liman ne!"

Ya miƙo min wandona a leda ya ce, "Musulmi in ya ga gawa salla yake mata, ba ya bar mata wando."