Ranar da Na Jere Kamiyo Cikin Ƙoran Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwata Dije ba, ko da kuwa ina so in manta, don mutanen Dakoro ba za su bar ni ba. A ranar ne gari guda ya same ni durƙushe ina tankaɗen rairayi da sabuwar riga a jikina.

Zamanin Nasara ne, ba a daɗe da kafa bariki a garinmu ba. Ni kuwa dawowata ke nan daga Maradi, inda na daɗe ina wankin ƙarafa a garejin wani kamfanin sayen gyaɗa. Na dawo da 'yan kile na kwance ƙarfe, da girman kai cike da buhu. Na kafa rumfar zana a bayan gidanmu na raɗa mata suna gareji. Motocin garin kaf ba su wuce ta kumandan da wata tsohuwar kamiyo, motar ɗaukar kaya, ta Alhaji Sale mai sayen fatu ba. Ta kumandan ko tayarta gardi bai taɓa bari na shafa ba, saboda haka duk mutuncina a kan kamiyon Alhaji ya rataya.

Babban abokin gāban mai gyaran mota a Dakoro shi ne rairayi. In bulon, wato ɗan ƙarfen ɗaure inji, ya kuɓuce maka ya faɗi ƙasa, sai dai ka yi masa addu'a. A Maradi Nasara mai garejin na da akwatuna masu aljihu-aljihu, kowane da rubutu a goshinsa. Ni ba ni da akwati, ko an ba ni ma ban iya karatun boko ba. Ina cikin wannan tunani sai idona ya faɗa ɗakin Gwaggo Haɓsu, ƙanwar babanmu da ta riƙe mu ni da Dije. Gwaggo na da ƙorai da ƙoƙuna da ta yi shekaru tana tarawa, a kife bayan gado, ba ta taɓa su sai ranar biki. (Ka lura da kalmar nan, biki. Ni ban lura ba.)

Na yi aronsu, irin aron da mai kaya ba ta san an yi ba. Na tuƙa ragaya irin ta masu nono, na rataye su a jere jikin itacen rumfa. Tsarin kuwa mai sauƙi ne: abin da na fara kwancewa ya shiga ƙwaryar bakin ƙofa, na biye masa ya shiga ta kusa da ita, haka har ƙuryar rumfa. In zan mayar, sai in faro daga ƙurya in dawo ƙofa. Ba rubutu, ba mantuwa, rairayi kuma sai dai ya kalla daga ƙasa. Masu wucewa suna leƙowa suna cewa garejina ya fi ɗakin amarya jere, ni kuwa na ɗauka yabo ne, har ina zagayawa da su ina bayani.

Da aka sa ranar auren Dije da wani manomi ɗan Birnin Lalle, sai na bugi ƙirji gaban dangi na ce ƙanwata ba za ta hau takarkari ba, ita ce amaryar farko da za a kai da mota a ƙasar nan. Alhaji ya yarda ya ba da kamiyo, ya ce in dai duba mata ruwa da mai. Dije ta yi ta murna, ta gaya wa ƙawayenta duka, har suka raba wurin zama tun ba a shiga ba.

Motar nan lafiyarta lau, in ban da ɗan tari da safe, wanda ni ma ina yi. Amma na ga bai kamata ta yi tari gaban surukai ba. Na ce bari in buɗe karbirato in hure shi kawai. Da na buɗe, na ga abin da ke bayansa ma yana son wanki da isansi, wato fetur, na bayan wancan kuma ya fi shi. Kafin in ankara rabin cikin motar yana lilo a ƙoran Gwaggo. Ban damu ba ko kaɗan. Safiyar ranar kai amarya ma wurin wanzami na fara zuwa, daga nan na biya wurin tela na saka rigata, don a lissafina mayar da kayan aikin hantsi ne.

Ina dawowa na tarar ragayu suna reto, ba komai a cikinsu. A tsakiyar rumfa ga wani tsohon turmi cike da ƙarafa. A bakin ƙofa kuma ga Gwaggo da tulin ƙorai a ka.

"Ashe kai ne ɓarawon ƙoraina," in ji ta. "Tun jiya muke biɗa. Baƙi sun taho, da mi kake so mu dama hura?"

Da wata murya da ni kaina ban gane ta ba, na tambaye ta ina ƙananan ƙarafan da ke cikin ƙoƙuna.

"Manyan ga su nan na zuba maka turmi. 'Yan mitsi-mitsin nan masu kama da tsaki kuwa datti ne, na kaɗe su nan ƙasa."

Ta ƙara da cewa in gode Allah hannunta da kaya, ta wuce abinta. Wallahi na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Na ruga na ari rariya (wannan karon na tambaya), na durƙusa na shiga tankaɗe. Haka 'yan rakiyar amarya suka iske ni bayan azahar, da guɗa da komai. Ƙawayen Dije suka haye bayan kamiyo kowace ta kama wurinta. Alhaji Sale ya tsaya a kaina, hannu a baya, yana kallon rariyata, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na mayar da abin da na samu inda na ga ya shiga. Ragowar na cusa aljihun sabuwar riga don kada a gani. Na juya ƙarfen tayar da mota har kafaɗata ta yi tsami, shiru. Samari suka cire riguna suka tura ta cikin rairayi. Ta yi tari guda ɗaya, tarin nan da na tashi warkarwa, ta kwanta.

Wani dattijo cikin dangin ango yana zaune a inuwa da ƙwaryar fura. Ya kurɓa, ya shinshina, ya dube ni.

"Yaro, hurarku dai ta sha isansi. Motar ce ba ta samu ba."

Aka kwashe da dariya har da matan da ke saukowa daga kamiyo. Maƙwabcinmu ya jawo takarkarinsa aka yi masa shimfiɗa. Na matsa in kama wa Dije ta hau, kunya kamar in nitse, ina jiran kuka. Sai na ji lulluɓin yana girgiza, ashe dariya take yi, ta raɗa mini: "Yaya, don Allah shi wanga kar ka buɗe cikinshi."

Sai da aka aika Maradi aka kawo abin da rairayi ya cinye kafin motar ta tashi, ni kuma sunan Mai Rariya ya bi ni har yau. Na zauna na yi nazari, na gane cewa duk abin da zai riƙe ruwa ba na gareji ba ne, na mata ne. Saboda haka na samo garewanin isansi na yanka gida-gida, na huda gindin kowace da ƙusa, na kafe su jikin itace. Na ce to, a zo a dama fura a nan in gani.

Ana gobe sunan ɗan farin Dije sai ga Gwaggo. Ta cisge guda, ta juye mini kayan a turmi, ta ɗaga ta sama tana kallon rana ta hujojin.

"Madalla, ɗan nan ka fara hankali. Dama madambaci munka rasa."

Tun daga ranar, da na ji an sa biki a danginmu, ko bulon guda ba na kwancewa sai an watse.