Tokar Goshin Rifkatu da Famfon Unguwarmu

Jama'a, yau na dawo gida da jarka wayam, ga kunya fal cikina. Bari in faro muku daga tushe.

Maƙwabciyata Rifkatu 'yar Katolika ce, tana ɗinki a nan Rano. Wata Laraba ta dawo daga coci da baƙi a goshinta. Ni da ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai, ranar na yi ta maza, na kama bakin mayafina na goge mata tas.

"Wayyo, Lubabatu! Tokar azumi ce Fada ya shafa min!" in ji ta, tana dariya har da riƙe ciki.

Ta zaunar da ni ta yi min bayani. Kwana arba'in suke yi kafin Ista. Ranar tokar ana rage ci, duk Juma'a ba nama, kuma kowa yakan zaɓi abin da ransa ke so ya haƙura da shi.

"Idan nama ne, ai manyanmu sun daɗe da sa mu wannan azumin, ba su ma ware Juma'a ba," in ji Kawu, da ke sauraronmu daga kan tabarmarsa. "Ke me kika bari?"

"Gunaguni, Baba," in ji Rifkatu.

Abin ya burge ni, na ce ni ma na bar ƙorafi har su gama. Kawu ya ce Allah ya ba da sa'a, amma ya san takarda ce za ta huta, tunda a rubuce nake ƙorafina, ba a taɓa jin muryata ba.

To yau sai ga Mai Girma Uban Alkawura ya zo sake buɗe famfon unguwarmu. Allah ya ƙara masa lafiya, mutum ne mai son famfon nan, bai gajiya da buɗe shi. Ruwa ne kawai bai taɓa zama ba. Matan unguwa, da ƙafafunsu suka gaji da zuwa rafi, suka ce ni zan yi magana, wai ni ce mai rubutu.

Da sassafe motar ruwa ta zo ta ɗura wa tankin, kowa na gani. Mai Girma ya murɗa, ruwa ya zubo, aka yi tafi. Ya gyara hula ya ce, "Akwai mai ƙorafi?"

Jumai mai ƙosai ta tunkuɗo ni gaba. Na dubi takalminsa, har fuskata nake gani a ciki. Na fara waige-waigen hanyar gudu. Sai na tuna alkawarina, na ji sanyi kamar an ceto ni daga rijiya.

"Ranka ya daɗe, sai godiya."

Jumai ta mintsine ni har yanzu wurin na zafi. Sai muryar Rifkatu daga baya: "Ranka ya daɗe, ruwan nan mota ce ta kawo shi ɗazu. Ka aiko gobe a murɗa a gani."

Mai Girma ya yi murmushi, ya ce za a kafa kwamiti, motoci suka tashi. Kafin layi ya zo kaina famfo ya yi tari ya ɗauke.

A hanya na ce wa Rifkatu, "Ba kin bar gunaguni ba?"

"Gunaguni shi ne in yi a bayansa, ni kuwa a gabansa na faɗa. Abin da ake jin daɗinsa ake bari, ƙawata. Ke shiru ne daɗinki. Kin goge min toka, yau kuma kin ɓuya a bayan azumina."

Don haka na sauya, yanzu shirun na bari. Na san Mai Girma zai dawo buɗe famfon, bai taɓa saɓawa ba. Har na fara gwada jawabina a gaban akuyar Kawu, kuma yana tafiya daidai, in dai ba ta ɗago ta kalle ni ba.