Yaƙin Malam Sallau da Sunan Ɗan Fari

Wannan shi ne tarihin sadauki Malam Sallau ɗan Tanko, jikan Maikano Mai-tawada, zakin ɗakin kati, garkuwar fayil, mashahurin magatakardan asibitin sha-ka-tafi na garinmu, wanda ko gara ba ta isa ta ci takarda ba sai da izininsa.

A shekarar da aka aiko wa asibitin da yake aiki da kwamfuta don rajistar yaran rigakafi, hukuma ta ce asibitin ya zaɓi tsarin da za a gina rajistar a kai. Aka kuma gaya wa Sallau ƙiri-ƙiri: in ta yi aiki ranar Alhamis a gaban Darakta, kujerar babban ofis tasa ce, in ta ƙi, sai sito, gadin auduga.

Runduna ta dāre biyu. Sista Tabawa, ungozoma mai shekara talatin a bakin aiki, ta ce a ba kowane yaro lamba a kati, kwamfuta ta riƙa nemo shi da ita. Sallau ya ga wannan ƙauyanci ne tsantsa. Ya miƙe, ya karkata hula, ya daki tebur har kofin shayi ya yi sujada, ya yi kururuwa: "Mutum ba buhu ba ne! Sunan yaro, sunan ubansa, magana ta ƙare." Kwana bakwai yana gwabzawa, yana sare hujja da hujja, har Sista ta ɗauki jakarta ta ce, "To, Malam, Allah ya kai mu."

Alhamis ta zo, Darakta ya zauna, mace ta farko ta shigo goye da ɗanta na fari.

Sallau ya ce, "Baiwar Allah, sunan yaro?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Wannan ɗin ne." Yo wace uwa ce a garin nan za ta kama sunan ɗan fari da bakinta?

"To, sunan ubansa?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Maigida ne dai."

Ita kuwa kwamfuta ba ta san kunya ba, ba ta kuma tsallake gurbi. Gwarzonmu, gumi na ɗiga, ya rubuta abin da ya ji. Kafin azahar an sami Wannan ɗan Maigida har goma sha tara. Na'urar ta haɗe su mutum ɗaya, ta shaida wa Darakta cewa an yi wa jariri guda allura goma sha tara a safiya ɗaya.

Abin tausayi, wallahi. Yau in ka leƙa sito za ka tarar da zakin yana jera auduga. Kowane kwali ya manna masa lamba.