Fihirisar Asibitin Ƙofar Guga

"Ya hanya kuma, ɗiyar kawu?" in ji Mubarak, ko tashi daga kujera bai yi ba.

"Lafiya lau. Ina Gwaggo? Har yanzu tana haƙuri da kai?"

Hajara injiniyar manhaja ce. Mubarak taubashinta shi ke kula da rumbun bayanan majiyyata a wani ƙaramin asibiti a Ƙofar Guga. Kwanaki ke nan in aka nemi sunan mutum sai kwamfuta ta yi ta juyi, har layin masu goyo ya kai bakin titi. Da ta shigo ta ga wata mata na fifita ɗanta da gefen mayafi, abin ya tsaya mata a rai.

"Ni fa ban kira ki ba," in ji shi. "Likita ya matsa."

"Na sani. Kai da kwamfuta ai sai goge ƙura. Mi ka ɓata?"

"Ban ɓata komai ba! Fihirisa nake son sa wa sunayen, bincike ya yi sauri. Manhajar da ke gina mana rumbun ce ke jawo kuskure kullum."

"Ta ga fuskarka ne. Matsa."

"Fuskar da 'yan matan Ƙofar Marusa ke rububi?"

"Rububin gudu dai."

Ta zauna ta karanta saƙon kuskuren a tsanake, sai ta yi murmushi.

"Zo ka gani, malalaci. Bayananku a sashe na daban suke cikin rumbun. Manhajar tana liƙa sunan sashen a gaban sunan fihirisa, shi kuwa rumbun a gaban sunan tebur kaɗai yake karɓa, wato jadawalin da bayanan ke jere a ciki."

"Ai na gane haka tun tuni. Gwada ki nake."

"Shi ya sa ka rame?"

"To a rushe rumbun a sake?"

"A rushe gida saboda ƙofa ta ƙi rufuwa? Allah ya shirye ka."

Ta hana manhajar gina fihirisa da kanta, ta rubuta umarnin da hannunta, ta sa ya riƙa gudana bayan an kammala tebura. Ta danna. Ta zuba wa allon kwamfutar ido. Babu kuskure.

"Kira mai bi," ta ce.

"Ladi Batagarawa!" Mubarak ya ƙwala kira.

Kafin matar ta ƙaraso taga, bayananta sun fito. Layi ya fara motsi. Hajara ta jingina da kujera, daɗi ya cika ta.

"Kwamfutata ce dai mai albarka," in ji Mubarak.

"To bari in mayar mata da albarkar yadda na same ta."

Ya yi wuf ya tare madannan kwamfutar yana dariya.

"Tuba nake, ranki ya daɗe! Kin fi ni, kawu ya iya haihuwa." Ya jawo ƙullin kilishin da ya ɓoye a aljihun tebur ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta ɓalli ɗan mitsitsi ta ba shi, ta jefa sauran a jaka.