Na Kai Mai Keke Ƙara a Kan Kekensa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai kaina hannun jandarma da ƙafafuna ba. Zan faɗa muku daki-daki, don ba na son labari a hargitse.

Da farko, ni ne shugaban kwamitin tsaro na unguwarmu a Madawa. Ina da littafi, ina da biro biyu, kuma ba a yi mini wasa. Wanda aka yi wa sata wurina yake fara zuwa.

Na biyu, ran kasuwa na sayi keke wurin wani mutum da ya ce zai tafi cin rani Abijan. Arha ƙwarai. Ban nemi takarda ba (ni da nake neman takarda ko akuya za a sayar). Kore ne, ni kuwa ba na son kore, sai na sa aka yi masa baƙin fenti.

Na uku, bayan mako ɗaya wani dattijo mai noman albasa daga wajen Urno, Baba Nomau, ya zo da kuka an sace masa keke. Na zaunar da shi, na buɗe littafi, na ce ya kawo alamomi ɗaya bayan ɗaya. Na rubuta: kore ne, ƙararrawa ba ta kuka, feda ta hagu walda ce, ƙarfen baya an faɗaɗa shi don buhun albasa, cikin bututun sirdi akwai takarda mai sunansa. Har na yi masa faɗa a kan sakaci. Sannan na jawo kekena na ce, "Hau, Baba, in kai ka birgad, ofishin jandarma."

Ya hau bayana. Muna tafe sai ya ce, "Ɗana, wanga ƙarhe yana cizo kamar nawa." Na ce duk ƙarfe haka yake, ya riƙe da kyau.

A birgad na jingina keken a bakin ƙofa, na miƙa littafina da alfahari. Jandarman ya karanta, ya dubi waje, ya sake karantawa. Ya tashi ya danna ƙararrawa: shiru. Ya duba feda da ƙarfen baya. Ya kankare fenti da makulli, kore ya leƙo. Ya zare sirdi, takarda ta fito.

"Shugaba," in ji shi, "rubutunka ya yi kyau. Biyar cikin biyar."

Ya bayyana mini cewa sayen kayan sata laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku, kuma arha ba takarda ba ta taimakona. Ya ce in cire ɗamara da takalmi. Na tsaya riƙe da wando, mutanen unguwa suna leƙowa ta taga.

Baba Nomau ne ya cece ni. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ɓarawo ba ya goyona zuwa nan. Wauta ce kawai." Aka rubuta maganarsa, da kalmar wautar, na sa hannu a ƙasa. Aka sallame ni da sharaɗin in dawo duk ranar da aka kira ni.

Ya hau kekensa, ya yaba fentin, ya ce in hau ya rage mini hanya. Na hau. Ƙarfen kuwa yana cizo.

Tun daga ranar, kafin in rubuta alamomin kayan wani, sai na leƙa zaurena tukuna.