Ranar da Na'urar Masu Girma Ta Ce Ni Ba Mutum Ba Ce

Jama'a, ranar Litinin aka sanar da ni a hukumance, da hatimi da sa hannu, cewa ni ba mutum ba ce. Na karanta takardar sau uku a bakin ƙofa, na taɓa hancina na ji yana nan, sannan na shiga na karanta wa Kaka.

"Da ma na faɗa," in ji ta. "Mutum ba ya wuni a ɗaki bai ce uffan ba."

Ga yadda abin ya faro. Famfon layinmu ya yi wata bakwai bai ɗiga ba, har gizo-gizo ya tare a bakinsa ya hayayyafa. Masu Girma kuwa, Allah ya ƙara musu basira, sun gaji da karɓar koke a takarda. Suka yi taron ƙara wa juna sani na kwana tara a babban otal, suka sayo wata na'ura mai karanta abin da mutane ke rubutawa a kafofin sada zumunta, ta auna halinsu da damuwarsu. Dokar ɗaya ce: duk layin da mutum hamsin suka koka a intanet, za a gyara masa famfo.

Mu a layinmu mun haura sittin, kuma koke ba sai an koya mana ba. Matsalar ita ce wayata kaɗai ce ba ta rabo da data, ni kuma ban iya cewa a'a ba. Tun da na gama jami'a na zama sakatariyar layi. Da safe Baba Tela zai leƙo: "'Yar nan, ɗora min hoton rigar nan, ki rubuta ɗinkin ƙasar waje." Da rana Bakanike zai karɓa da hannunsa mai baƙin mai, ya tsine wa ƙungiyar ƙwallon da Mai Aski ya gama yabo da hantsi. Gwaggo ta nemi maganin ciwon gwiwa, matar yayana ta tambayi abin da ya kamata mai ciki ta ci. Duk a shafina, duk da sunana. Kuma kowa kafin ya miƙo min wayar sai ya ƙara da cewa a gyara mana famfo.

Na'ura ta zauna ta yi nazarinta. Ga sakamakon a takarda: mutum ɗaya ne ke zaune a layinmu. Shekarunsa tsakanin sha tara da tamanin. Yana da cikin wata shida da furfura a gemu. Yana kewar marigayi mijinsa, yana kuma neman matar aure. Tunda ba a halicci irin wannan ba, shafin na bogi ne, an soke duk kokensa.

"Furfurar tawa ce," in ji Baba Tela, yana shafa gemu. "Ashe har can sun san ni."

Talata muka ɗunguma ofishin, mu sittin da uku, har da Kaka da sandarta. Aka tura ni gaba wai ni ce mai digiri, ni da ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba. Mai Girma Babban Mai Auna Zukatan Al'umma yana zaune a ɗaki mai sanyi, gabansa robar ruwa uku. Kaka ta kafa wa robobin ido.

"Ranka ya daɗe," na ce da murya kamar ta sauro, "ni ce shafin bogin."

Ya dube ni, ya dubi kwamfuta. "Ba ki yi kama da shi ba. Ina gemun?"

"Ga shi nan, yallaɓai!" Baba Tela ya kutso gaba.

"Cikin ma ga shi," in ji matar yayana.

Na tattaro ɗan ƙarfin halin da nake da shi, na ce ai gani ya kori ji, ga mu nan, a ƙirga mu. Ya yi min murmushin tausayi.

"Wannan tsohon yayi ne, ƙanwata. Mutum a tsaye ba hujja ba ne, kowa zai iya tara jama'a. Mu bayanai muke bi. Kimiyya ce."

"Ɗan nan," in ji Kaka, "in na maka maka sandar nan, za ta shiga bayanan?"

Aka raka mu waje cikin girmamawa.

To, in kiɗa ya sauya, rawa ma sauyawa take. Laraba kowa ya kawo 'yar ƙaramar wayarsa mai tocila, na buɗe masa shafi da lambarsa. Da aka zo rubuta koke sai kowa ya tuna yana da aiki. "Ke dai rubuta, ai kin san bakina." Na kuwa sani. Shekara nawa ina rakuɓe a lungu ina jin su! Na yi na Bakanike da baƙar magana, na Gwaggo da addu'a mai tsawo, na Mai Aski da labarin da ba a tambaye shi ba. Na Kaka layi ɗaya ne, amma sai da na nemi gafarar Allah bayan na tura. Koke sittin da biyu, duk daga babban yatsana.

Asabar sai ga motar gyara. Kafin azahar ruwa ya ɓarke, gizo-gizo ya kwashe iyalinsa. Har da wasiƙar yabo: na'ura ta gano sahihan muryoyi sittin da biyu, kowace da halinta, kuma za a kafa misali da layinmu a taro na gaba. Wato da mutum sittin suka yi magana da bakinsu, bogi ne. Da ni kaɗai na ari bakin sittin, ta zama kimiyya. Allah ya ja zamanin Masu Girma.

Shafina dai har yau a rufe yake, sunana ba ya cikin mazauna layin. Shi ya sa in kun gan ni a bakin famfo ina cika bokiti kaina a sunkuye, kada ku gaishe ni da ƙarfi. Kada na'ura ta ji labarin cewa bogi ma yana wanka.